Renon 'ya'yan mutane a gida a Ingila: rajista da riƙon amanar iyaye

Maman Hanif, Manchesta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Matanmu da dama a Ingila sun fara karɓar 'ya'yan mutane a gida ana biyansu, wasu da rajista, wasu kuwa sanayya ce kawai. Don Allah waɗanda suka daɗe a harkar su zube mana abin da suka sani: me hukuma ke nema, me kuma ke sa uwa ta saki jiki ko ta janye ɗanta?

Anti Balaraba, Landan:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Muddin yaron bai kai shekara 8 ba, yana wuce awa 2 a rana a gidanki, kuma ana biyanki, to sai da rajistar Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da masu renon yara a Ingila, ko ta wata hukumar masu reno da aka amince da ita. Kaka, gwaggo, inna, kawu, yaya, su ne dangin da aka ɗauke wa. 'Yar garinku ba ta cikin wannan lissafin, komai kusancinku.

Kafin ki cike takarda ki haɗa waɗannan: binciken DBS mai zurfi (wato duba ko mutum na da tarihin aikata laifi), naki da na duk wanda ya kai shekara 16 a gidan, har maigida; horon taimakon gaggawa na yara na awa 12, wanda ake sabuntawa duk shekara 3; takardar lafiya da likitanki zai cike; da inshorar da za ta biya idan yaro ya ji rauni a hannunki. Kuɗin rajistar ƙananan yara fam 35 ne a shekara, jira kuma kan kai mako 12. Inda namu suka fi maƙalewa shi ne takardar shaidar kyawun hali: wadda ta zauna a wata ƙasa cikin shekara 5 da suka wuce sai ta kawo ta daga can. Ki fara neman ta tun kafin komai. In gidan haya ne ki karɓi izinin mai gida a rubuce. Mai bizar ɗalibta kuma kada ta soma, ba a yarda ta yi sana'ar kanta ba.

Maman Sadiq:
Anti, bari in ɗora da maganar adadi, don nan kara ke kayar da mutane. Yara 6 ne iyaka 'yan ƙasa da shekara 8. A cikinsu 3 kaɗai za su zama ƙanana da ba su isa makaranta ba, jariri ɗan ƙasa da shekara 1 kuma guda ɗaya. 'Ya'yan cikinki ma a ciki suke. Akwai sassauci ga tagwaye ko wa da ƙani, amma sai kin iya nuna wa iyaye da mai duba aiki cewa kowane yaro na samun kulawa. Maƙwabciya ta ce "riƙe mini shi zuwa la'asar", kunya ta hana ki cewa a'a, kin wuce adadi ke nan, inshora kuma na iya ƙin biya idan wani abu ya faru ranar.

Hajiya Uwani, Landan:
Ni abin da na fi jan kunne a kai shi ne baƙi. Gidajenmu ba sa rabo da su: uwa ta zo jego ta yi watanni, ƙanin miji ya zo karatu ya sauka a ɗakin baya. Duk babban da ya koma kwana a gidan dole Ofsted ta sani, a bincike shi, kuma kada a wuce kwana 14 ba a sanar ba. Kafin sakamako ya fito ba a barinsa shi kaɗai da yara ko na minti ɗaya, ko da kuwa mahaifiyarki ce. Su ma iyaye a faɗa musu kafin baƙon ya iso. Uwar da ta zo ɗaukar 'yarta ta tarar da namijin da ba ta sani ba a falo ba lallai ta yi magana ba, amma daga ranar ta fara neman wani wuri.

Sai maganar dukan yara. An haramta shi kwata-kwata, har barazanar yinsa, ko da uban yaron ne ya ce ya ba ki wuƙa da nama. Turaren wuta ma a bari sai yara sun tashi, saboda garwashi da ƙirjin masu asma.

Maman Hanif:
Hajiya, to wasu iyayen namu fa cewa suke takardun nan sun yi yawa, wai kamar ba a yarda da juna ba.

Maman Zara, ma'aikaciyar jinya:
Yaya, ni a matsayin uwa akasin haka nake gani. Farkon abin da nake nema shi ne lambar rajista, in duba rahoton Ofsted da kaina. Ga kuma maganar kuɗi: iyayen da suka cancanci tallafin gwamnati, wanda take ɗora fam 2 a kan kowane fam 8 har zuwa fam 2,000 a shekara ga yaro ɗaya, ba za su iya biyan marar rajista da shi ba.

Rubutun kuma kariya ce ga mai renon kanta. Yaro ya iso da ƙujewa a gwiwa, a rubuta a bakin ƙofa uwa ta sa hannu, kada da yamma a rasa inda ya samo ta. Yawancin jariranmu ana haifarsu da tabo mai shuɗi-shuɗi a ƙugu ko ɗuwawu, wanda bai sani ba sai ya ɗauka shaidar duka ce. A rubuta girmansa da inda yake tun ranar farko. Amma tabon bugu na gaske a jikin jaririn da ko rarrafe bai fara ba, wannan ba na sasantawa tsakaninku ba ne, sai an sanar da sashen kare yara na ƙaramar hukuma.

Anti Balaraba:
Haka ne, 'yata. Yaro ya faɗi, uwarsa ta ji daga bakinki a ranar, kafin ta gani wajen wanka. Magani ma ko farasitamol ne sai da izini a rubuce na wannan maganin, ki rubuta lokaci da yawan da kika ba shi. Ki tambayi abin da jikin yaro ba ya so kafin ya fara zuwa, domin gyaɗa da riɗi da ƙwai da madara duk suna cikin abubuwa 14 da doka ta ce a bayyana, ƙuli-ƙuli da yajin tsire kuwa gyaɗa ce. Inabi a tsaga shi a tsaye gida huɗu, yara su ci a zaune kina kallonsu. Jaririn da ya yi barci a goye ki sauke shi, ki kwantar da shi rigingine a katifa mai tauri, babu filo.

Maman Sadiq:
A yarjejeniyar da za ku sa wa hannu kuma a fayyace kuɗin makara, kuɗin ranar da yaro bai zo ba, hutun Sallah, da sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaro. Wanda sunansa ba ya ciki, ko ya ce shi baffa ne, sai kin kira uwar a lambar da ke cikin takardarki kafin ki buɗe masa ƙofa.