Teburin ciniki yana karo da na bashi a Excel, ina mafita?

Ɗan Sito: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da lissafin wani shagon taki da irin shuka. Bayananmu suna cikin Access, manhajar ajiye bayanai, na rubuta 'yar VBA (kod ɗin da ake ba Excel umarni da shi) da ke janyo su cikin Excel a shafi ɗaya: teburin Ciniki ya fara daga A4, na Bashi na kafa shi a A30. Duk rani lafiya lau. Da damina ta faɗi, ciniki ya haura layi 25 a rana, ina danna sabuntawa sai kuskure 1004 ya fito, wai ana ƙoƙarin ture gurabun wani tebur. Alhaji kuma takarda ɗaya yake so a miƙa masa bayan la'asar, ba ya son juye-juye. Ya zan yi na biyun ya riƙa bin gindin na farkon?

Tsohon Akawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, kowane tebur ka ba shi shafinsa ka huta. Ko ka jera su kafaɗa da kafaɗa, tun da ƙasa suke girma, ba gefe ba.

Ɗan Sito: Baba, na gwada jerawa. Faɗin ya wuce takardar A4, da na matse sai Alhaji ya ce rubutun kamar ƙwayar gero.

Mai Kod: Malam, ƙirga mana layukan tsaye na kowanne. Ina zargin na sama ya fi na ƙasa ƙanƙanta. Idan Ciniki daga A zuwa D yake, Bashi kuma daga A zuwa F, to in na sama zai ƙaru, Excel gurabun A zuwa D kaɗai yake turawa ƙasa. Ka ga ke nan zai tsaga Bashi gida biyu, shi kuma ba ya yarda a tsaga tebur. Da na saman ne mai faɗi, da salin alin zai tura ɗan'uwansa.

Ka daina rubuta A30 da hannu. Kafin sabuntawa, kwashe Bashi zuwa gefe, can wajen Z1, da `Range.Cut`. Kada ka yi kwafi, yankewa ce ke tafiya da sunan teburin da lissafin da ke dogaro da shi. Sannan, a ce `t` shi ne teburin Ciniki:

`t.QueryTable.Refresh BackgroundQuery:=False`
`layi = t.Range.Row + t.Range.Rows.Count + 2`

Sai ka dawo da Bashi zuwa `Cells(layi, 1)`, ka sabunta shi a nan. Biyun nan tazara ce, don ka samu inda za ka rubuta kan magana.

Ɗan Sito: Wallahi kamar kana zaune a shagon, huɗu da shida ne! Na yi yadda ka ce, amma da farko na cire `False` ɗin nan, na ɗauka ado ne. Sai kod ya ƙirga layukan jiya, ya dire Bashi tun bayanan yau ba su iso ba, kuskuren ya dawo. Da na mayar da shi, layi 41 suka shigo, Bashi ya zauna a ƙasansu daram. Allah ya saka da alheri. Saura wajen bugawa, har yanzu a layi na 50 yake yankewa.

Mai Kod: Wannan `PageSetup.PrintArea` ne, wato iyakar wurin da za a buga, shi ma da hannu ka kafa shi. Ƙirga ƙarshen Bashi kamar yadda ka yi wa Ciniki, ka ba shi.