Shin Gwamnati Ce Za Ta Biya Domin Ma'aikaci Ya Fito Da Sabuwar Dabara?

Malam Habu: Ina nan kan bakana cewa bai kamata a kashe kuɗin haraji domin ma'aikatan kamfani su fito da sababbin dabarun aiki ba. Toyota ya kafa tsarin karɓar shawarwarin ma'aikata tun 1951, kamfanin 3M kuma ya bar wa masu bincikensa kashi 15 cikin ɗari na lokacin aiki su gwada abin da suka ga dama. Riba suka hango, kuma wanda zai ci riba shi ya kamata ya ɗauki nauyi.

Hajiya Rabi: Malam Habu, ko Toyota da ka ambata ya ci moriyar aikin gwamnati. A 1940 gwamnatin Amurka ta ƙaddamar da shirin horarwa a cikin masana'antu, inda aka koya wa masu kula da ma'aikata yadda za su rarraba aiki mataki-mataki, su tambayi amfanin kowane mataki, sannan su tsara hanyar da ta fi sauƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kai shirin Japan, Toyota ya ɗauke shi a farkon shekarun 1950.

Injiniya Lawal: A ganina abin da ke rufe bakin ma'aikaci shi ne rashin sanin abin da zai samu. Shuji Nakamura, wanda ya ƙirƙiro shuɗin ƙwan LED a kamfanin Nichia na Japan, yen (kuɗin Japan) 20,000 aka ba shi a matsayin tukuici. Sai da ya je kotu, aka yanke masa yen biliyan 20 a 2004, daga baya suka daidaita a kan kusan yen miliyan 840 a 2005. Jamus kuwa tun 1957 take da dokar da ta wajabta biyan ma'aikaci lada mai dacewa idan kamfani ya karɓi ƙirƙirarsa. Wannan aiki ne da gwamnati kaɗai za ta iya yi.

Malam Habu: Injiniya, doka ba ni da ja a kanta. Rabon kuɗi ne nake ƙi, domin yakan ƙare a hannun manyan kamfanonin da ke da masu iya cika takardun neman tallafi, a kan aikin da ko ba tallafin ma za su yi shi.

Hajiya Rabi: Wannan tsoro yana da dalili, amma maganinsa sharaɗi ne. Shirin bunƙasa wuraren aiki da Finland ta fara a 1996 ya gindaya cewa shugabanni da ma'aikata su yi aikin tare. Kuma dokar ƙirƙira ba ta kai ga mafi yawan ma'aikata ba, Injiniya. Ku dubi macen da ke ɗaure kaya a kwali, wadda ta lura cewa da za a matso da teburin kusa da na'ura, da ta huta da juyawa da ɗaga nauyi duk yini. Babu mai yi wa irin wannan dabara rajista, kuma tana iya yin shiru don gudun kada aikin ya yi sauri a sallami abokiyar aikinta. Ƙaramin kamfani ba zai iya tsayar da aiki na awa biyu ya saurare ta ba, kuma ba shi da kuɗin ɗauko mai horarwa. A nan nake so tallafin ya shiga, tare da rubutaccen alkawarin cewa ba za a kori kowa saboda shawarar da ma'aikaci ya kawo ba.

Malam Habu: To, Hajiya, wane ne zai tabbatar an cika wannan alkawari bayan kuɗin ya ƙare?