"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa": mai janye ƙara ne ya ɗebo ko jarida?

Ɗan Fagge: Jama'a, ina so mu auna wannan karin maganar. Mutum ya kai jarida Babbar Kotun Jiha yana neman a hana ta buga takardun sirrinsa, tafiya ta yi nisa ya janye ƙarar. Ana cewa shi zai biya kuɗin ɗawainiyar shari'a, wai kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ta dace a nan?

Baban Ummi: Ta dace, Malam. Ma'anarta wanda ya tsokano abu shi zai sha wahalarsa. Ƙa'idar kotu ma haka take, kuɗin ɗawainiya yana bin wanda bai yi nasara ba, mai janyewa kuwa ya sa ɗan'uwansa ya ɗauki lauya a banza. Amma lokacin janyewar ne ke auna zafin. In tun da wuri ne, kafin jarida ta shigar da takardar kariya, takardar janyewa kawai zai kai rajista, a cire ƙarar daga jeri, yana iya dawo da ita gaba. In kuwa an riga an yi musayar takardu, an sa ranar sauraro, sai ya nemi izinin alƙali, alƙalin kuma yana iya korar ƙarar kwata-kwata, ba dawowa, ya ɗora masa kuɗi. Kotun Ƙoli ta bayyana wannan a shari'ar Eronini da Ihuko a 1989.

'Yar Gwale: Yaya, ni ban yarda karin maganar ta rufe komai ba. Wa ya fara ɗebowa? Wani lokaci jaridar ce. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki, amma shi ɗin dai ya yarda a yi dokar hana tona abin da aka karɓa bisa amana. Sau da yawa mai ƙara yana da gaskiya, ya janye ne don sirrin ya riga ya bazu a Facebook da WhatsApp, odar kotu ta zama ihu bayan hari. Abin da ya fi dacewa da shi, magana zarar bunu ce. Haka ta faru a Ingila a 1988: an ƙi ba gwamnati odar dindindin ta hana jaridun Guardian da Observer buga abin da ke cikin Spycatcher, littafin wani tsohon jami'in leƙen asirin Birtaniya, saboda littafin ya riga ya fito a Amurka. A irin wannan, lauya sai ya nuna wa alƙali dalilin janyewar, domin yanke kuɗin yana hannun alƙalin.

Baban Ummi: Hajiya, na karɓa. Sai dai akwai zafin da mutane ke mantawa da shi. Wanda ya karɓi odar gaggawa ba tare da an ji ta bakin jarida ba, ana sa shi ya yi alkawarin biyan diyya in ta bayyana bai cancanci odar ba. Janyewa ba ta goge wannan alkawarin.

Ɗan Fagge: To bakin jaridar fa, ya tsira?

'Yar Gwale: Ina! Abin da kotunanmu suka saba yankewa ba ya kai kuɗin lauya, ragowar daga aljihun jarida yake fita, ƙaramin gidan jarida kuwa wannan kaɗai ya isa ya rufe masa baki. Shi ya sa in sulhu za a yi, a rubuta a takardar yarjejeniya wa zai biya nawa, ko kowa ya ɗauki nauyin lauyansa, a kai alƙali ya mayar da ita hukunci kafin a janye.