Ɗana ba ya yarda a canza masa komai, dan Allah ku ban shawara

Maman Abba:
Salam 'yan uwa. Yarona shekararsa 4, likita ya ce galahanga ce, wato otizim, lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. Kofi ɗaya yake shan koko da shi, wani shuɗi na roba, ranar da ya ɓata wuni ya yi bai sa komai a cikinsa ba. In mai adaidaita ya canza hanyar Islamiyya sai ihu da buga kai, ran sallah kuwa shaddar da babansa ya ɗinka masa ko taɓa jikinsa bai bari ta yi ba, a tsohuwar rigarsa ya yi idi. Na daina zuwa biki, yayarsa ta fara cewa na fi sonsa, Hajiya surukata kuma ta ce sangarta ce a sa masa bulala. Wallahi na gaji.

Ummu Hanan:
Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lada. Kar ki dake shi, ba taurin kai ba ne, canjin ne ke firgita shi. Nawa ma haka yake, kofin nan na je kasuwa na sayo irinsa guda uku na ɓoye biyu. Sannan na ɗauki hoton wanka da abinci da makaranta a waya na wanke na manna a bango a jere, kullum da safe mu bi tare, in za a canza wani abu tun dare nake nuna masa. Shaddar kuma ki wanke sitacin ya fita tukuna, ƙaiƙayi take musu kamar ƙaya.

Malam Sani:
Maman Abba ki yi haƙuri, tun 1943 da likita Leo Kanner ya fara bayanin yaran nan a Amurka ya ambaci wannan nacin na komai ya zauna yadda yake, yana cikin alamomin. Buga kan ne bai kamata ki bari ba, ki koma sashen ƙwaƙwalwar yara, in a Kano kike akwai a asibitin Malam Aminu Kano. Kuma ki roƙi maigidan ya tafi da Hajiya ta ji daga bakin likita, ta fi saurin yarda.

Maman Abba:
Na gode sosai. Ummu Hanan yayar fa, ya kika yi da naki? Jiya na same ta a bayan ƙofa tana kuka ita kaɗai.