Lambobin da ke bayan safar hannu, me suke nufi?

Mai Gilashi: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon tagogin alminiyam a wajen Ƙofar Kaura. Kwanaki gilashi ya tsarge wa yarona tafin hannu har sai da aka yi masa ɗinki, shi ya sa na sayo wa yaran safar hannu. A bayanta akwai hoton guduma da EN 388, a ƙasa kuma 4X43D. Mai kayan ya ce har walda za a yi da ita. Don Allah wanda ya sani ya warware min, amanar 'ya'yan mutane ce a hannuna.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, Malam. EN 388 ma'aunin Turai ne na ƙarfin safar hannu, 4X43D ɗin kuma daga hagu ake karantawa. Na farko jure goga ne, 4 kuma shi ne ƙololuwa. X na nufin ba a yi tsohon gwajin yanka ba, ba wai ta faɗi ba. Sai 4 na yagewa, 3 na hudawa. Kai dai harafin ƙarshe za ka sa wa ido. Shi ne sabon gwajin yanka da aka ƙara a 2016, daga A zuwa F, kuma F ya fi ƙarfi. D ta isa ɗaukar gilashi da gefen alminiyam. Amma ka faɗa wa yara rage yanka take yi, ba hanawa ɗungurungum ba. In ta sha jiki tafin ya siɗe, a canza.

Baba Mai Walda: Ɗana, kada ka yarda da batun walda. Ita wannan zaren roba ce, tartsatsi na faɗa mata sai ta narke ta manne wa fata, ƙunar ta fi ta hannu tsirara muni. Tamu ta fata ce mai dogon wuya, hoton harshen wuta ne a jikinta, da EN 407 (ma'aunin jure zafi) ko EN 12477 (na safar walda). Mu nan Daura ita muke sawa ko da zafin bazara.

Injiniya: Gaskiyar Baba. Sannan in za su yi aiki da injin huda, su cire ta. Abin da ke juyawa in ya cafki zare, da yatsa yake tafiya, kuma mai wuyar yagewa irin taka ba za ta saki ba.

Mai Gilashi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, nawa ake sayar da ta fatar a wajenku?