Mu kwana a masaukin kan dutse, ko mu hau mu sauko a yini guda?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Mahaifina ya yi ritaya bana, shekararsa 63, kuma tun ina yaro nake jin yana cewa yana so wata rana ya tsaya a ƙololuwar dutse ya hango duniya a ƙasa. Na samo wata hanya mai kyan gani da ake cewa ana yin ta a yini ɗaya. Daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙololuwa kilomita 9 ne, a fara daga tsayin mita 1,600 a ƙare a 2,800. A kilomita ta shida akwai masauki na katako mai gadaje, a mita 2,300. Mu uku ne da ƙanina. Baba yana tattaki kullum da safe, amma a miƙaƙƙiyar hanya, kuma gwiwarsa ta hagu takan motsa masa. Shi ya ce mu je mu dawo, ba ya son kwanan daji. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Waɗanda suka saba, me kuka gani?

Wani da ya daɗe yana hawan duwatsu:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya yi maka albarka da wannan niyya. Ka ajiye zancen "yini ɗaya" tukuna, mu yi lissafi. Akwai ƙa'idar da wani ɗan Sikotlan, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau da ita ake aiki: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 da za a hau. Taku kenan hawa kusan awa huɗu, saukowa kusan biyu. To amma wannan lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne wanda bai zauna ya huta ba, bai ci abinci ba, bai tsaya kallo ba. Da Baba a tafiyar, ni awa tara zuwa goma zan sa. Kun tashi shida na safe, kun dawo huɗu na yamma, in komai ya tafi daidai. Gwiwa ta ɗan ƙi a hanya, duhu ya same ku.

Kuma abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne, hawa numfashi yake ci, saukowa kuwa gwiwa take ci. Kowane taku nauyin jiki gaba ɗaya ne ke dira a kanta, a lokacin da cinya ta riga ta gaji. Saukar mita 1,200 a tashi ɗaya bayan an sha hawa, ga dattijo mai lalurar gwiwa, ban so masa ba. Ku kwana. Rana ta farko ku tsaya a masauki, mita 700 kawai kuka hau. Da asuba ku bar kaya masu nauyi a can, ku ƙarasa 500 ɗin da suka rage, ku sauko a tsanake. A saya wa Baba sanduna biyu na tafiya, ba ɗaya ba.

Wani ɗan'uwa:
Ni ban ƙi ba, amma a faɗa masa gaskiya, kwanan masauki ba otal ba ne. Ɗaki ɗaya da baƙi, ga minshari, ga sanyi, banɗaki sau da yawa a waje yake. In Baba bai samu barci ba, ƙarfin da ake son ya tara bai taru ba. Jaka ma za ta ƙara nauyi. Ni da zan zaɓa, sammako zan yi, in sa ƙa'ida cewa sha biyun rana na yi, ko'ina muke, mu juya.

Wata 'yar'uwa:
Malam, maganar lokacin juyawa gaskiya ce, ko da kwana ko babu. Amma bari in ba ku nawa labarin. Mun taɓa tafiya irin wannan da maigidana da tunanin "in mun gaji ma kwana a masauki". Muka iso da magariba, wuri ya cika maƙil, mu ba mu kama gado ba. Da hasken waya muka sauko, sanyi ya zuƙe cajin kafin rabin hanya, ina kuka ina lalube. Don Allah ɗan'uwa, kada ka ɗauki masaukin a matsayin mafaka ta ko-ta-kwana. Ka kira su tun yanzu, ka kama gado uku. Ka tambaya ko akwai mai kula da wurin a wannan lokaci na shekara, ko akwai bargo da ruwan sha, ko ana dafa abinci ko kowa da guzurinsa. Kowannenku ya riƙe tocilar goshi tasa da batir na daban. Sharar ku kuma ku sauko da ita.

Wani ma'aikacin lafiya:
Zan ƙara ta fannina. Ciwon tsayi, wato ciwon kai da tashin zuciya da jiri da ƙarancin iska ke kawowa, galibi daga wajen mita 2,500 yake fara kama mutane. Masaukinku yana ƙasa da haka, saboda haka kwana a 2,300 zai ma taimaki jiki ya saba kafin a ƙarasa. A dutsen Fuji na Japan, mai tsayin mita 3,776, masu hawa dare ɗaya ba tare da kwana ba sun yi yawa, har a 2024 hukuma ta sa ƙofa a hanyar Yoshida, ɗaya daga hanyoyin hawansa, a waccan shekarar ana rufe ta daga huɗu na yamma zuwa uku na dare ga duk wanda bai kama wuri a masauki ba. Naku bai kai can ba, amma dalilin ɗaya ne.

In Baba yana da hawan jini ko wata matsalar zuciya, ya ga likitansa kafin tafiya, magungunansa kuma su kasance a aljihunsa. In ciwon kai ya yi tsanani ko ya fara tangaɗi, maganinsa saukowa ne, kada a ce bari a ƙarasa.

Sai sanyi. Kowace mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, don haka ƙololuwa za ta fi inda kuka bar mota sanyi da kusan digiri 8, ban da iska. Rigar auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki da zarar an tsaya. Ku sa ta ulu ko ta roba-roba a ciki, rigar ruwa a jaka. Abin da na fi jin tsoro kuwa: kada sanyi ya sa ku kunna gawayi ko risho a rufaffen ɗaki ku kwanta. Iskar da ke fita ba ta da wari ba ta da launi, a cikin barci take kashe mutum.

Wanda ya daɗe yana hawa:
Na manta da hadari. A duwatsu da yawa da rana tsaka zuwa la'asar yake haɗuwa, daidai lokacin da mai yini ɗaya ke kan ƙololuwa. In ka ga walƙiya ka ƙirga har tsawa ta zo, kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Bai kai talatin ba, ku bar doron dutse nan take. Wanda ya kwana kuwa, tara na safe ya riga ya juyo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na gamsu da kwanan. Saura yadda zan shawo kan Baba, don in na ce saboda gwiwarsa ne zai ji kamar na raina ƙarfinsa.

Wata uwa a cikinmu:
Ɗana, kada ka ambaci gwiwa ko kaɗan. Ka ce masa wanda ya zo da rana hazo yakan tarar, wanda ya kwana shi ke ganin fitowar rana, gajimare shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarsa. Ba ƙarya ka yi masa ba, abin da ya daɗe yana buri kenan. Ka ba shi gadon ƙasa na kusa da bango, ka tafi masa da abin toshe kunne da safa biyu masu kauri. Takalmin da za ka saya masa kuma ya fara tattakinsa na safe da shi tun wannan makon, kada ya fito masa da bororo a kan dutse.