Masu ƙaramin injin esfireso a gida, ku zo ku faɗa mana yadda kuke fama da shi

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suke da ƙaramin injin esfireso a gida, wato mai tura ruwan zafi da matsi ta cikin garin kofi, su taimaka mana da abin da suka gani. Ni dai kofin leda ɗin nan na zuba-ka-motsa ya fita raina gaba ɗaya, ina so in sayi inji na kaina, amma kicin ɗin namu ƙarami ne kuma uwargida ta ce in dai zai cinye mata kantar kicin kar ma in fara. Guda uku nake ta gani ana ambata, Dedica na De'Longhi, Bambino, sai Gaggia Classic. Wanda ya riƙe da hannunsa nake so in ji daga bakinsa, wuta, ruwa, gyara, komai.

Bakatsine mai gyaran wuta:
Wa alaikumus salam malam. Kafin ka kalli suna ko kyan jiki, juya injin ka karanta ɗan rubutun da ke ƙasansa. Mu nan wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, to in wani ɗan uwa ya ce zai aiko maka daga can ka ce ya bari, gara na Ingila ko Dubai, na Ingila ma bakin fulogin sa iri ɗaya ne da soket ɗinmu. Nawa daga Amurka ƙanina ya kawo min tsaraba, dole sai da na haɗa shi da taransifoma mai rage wuta, kuma ba ƙarama ba, don injin da ke jan wat 1500 sai ka ba shi mai 2000 ko fiye, to ga inji ƙarami ga taransifoma ta fi shi nauyi a gefe, ina amfanin ƙanƙantar. Bambino ɗin da ka ambata a Ingila da Turai sunan Sage ne a jikinsa, a Amurka Breville, abu ɗaya ne, wutar ce ta bambanta.
Na biyu, ƙananan nan duk suna jan wat 1200 zuwa 1600 lokacin da suke ɗumama ruwa. Ƙaramin janareto ɗin nan na fanka da talabijin ba zai ɗauka ba, inbata mai kilo ɗaya ma haka. Amma kar ka ji tsoron mita, wat 1300 na minti biyar kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit ne kawai. Jan farkon ne matsala.

Ɗalibi a Bologna:
Yaya ni abin da zan ce, in kuɗinka na inji ne kawai to ka ɗan jinkirta, don rabin aikin na injin niƙa ne. Na ga mutane sun sayi inji mai tsada suna zuba masa garin da aka niƙa tun watanni, ruwa ya zubo sharr kamar famfo, su ce injin ne ba kyau. Esfireso yana son gari mai laushi sosai kuma ƙwayoyinsa daidai da juna, bilenda ko ɗan injin nan mai wuƙa ba sa iya wannan, sai mai haƙora biyu da ke murje waken a tsakani, ko na hannu ne ya wadatar in mai kyau ne, nawa na hannu ne kuma hannu yana ɗan gajiya amma ba ya buƙatar wuta.
Yadda nake yi, giram 18 na gari, in danne shi daidai, ya fito min da giram 36 a kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In ya fito da sauri zai yi tsami, sai ka ƙara laushin niƙa, in ya tsaya yana ɗiga da ƙyar zai yi ɗaci sai ka sassauta. Ɗan sikelin masu gwal ko na kicin mai auna giram ya isa. Kuma kar rubutun bar 15 ko bar 20 a kwali, wato ma'aunin ƙarfin matsin ruwa, ya ruɗe ka, wajen bar 9 ake so a kan garin, ruwa kuma tsakanin digiri 90 da 96.
Wani abu kuma, a nan Italiya gidaje da yawa ba su da injin ma, tukunyar moka ce a kan gas, 'yar tukunyar dafa kofi da tururi ke tura ruwa ta cikin garin, esfireso a shago suke sha a tsaye. Moka ba ta kai matsin inji ba ko kusa, amma in madara za ka zuba wallahi tana fitar da kai.

'Yar Damagaram:
Ni ruwa ne ya wahalar da ni. Ku duba gindin butar da kuke dafa ruwan shayi, in kun ga farin abin nan ya daskare yana ɓamɓarewa to shi ne zai taru cikin injin, kuma hanyoyin cikinsa sirara ne ƙwarai. Nawa da ruwan rijiyar burtsatse nika zuba mishi, sannu sannu ruwan ya rage gudu, zafin ma ya ragu, ƙarar famfon ta canza. Sai da na wanke shi da ruwan wankin da ake saidawa don haka, ya fito da fari-fari kamar alli, na ɗauraye da tanki biyu na ruwa mai kyau kafin ya dawo daidai. Tun lokacin ruwan gora nika sa mishi. Wasu suna amfani da garin sitirik asid, yana aiki, amma in tukunyar cikin injin ta alminiyom ce a bi abin da littafinsa ya ce, khal kuwa, wato binega, warinsa ba ya barin inji da wuri.
Don yawan ɗauke wuta na ƙara da na hannu, irin mai sanda da kake dannawa da ƙarfinka, ka tafasa ruwa a gas ka zuba. Shi ne ma na fi ɗauka da asuba yanzu.

Maman biyu, Kaduna:
Malam ka gaya wa uwargida Dedica faɗinsa santimita 15 ne kawai, nawa yana tsakanin bango da filas ɗin ruwan zafi kuma bai takura ni ba. Maigida ne ya saya amma ni nake kula da shi, to bari in faɗi ɓangaren da maza ba sa faɗa. Bututun tururin nan na kumfar madara, da ka gama ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma nan take ka sake buɗe tururin ya feso, in ka bar shi ko na minti goma ne madarar ta ƙone a jiki, ramin bakin ya toshe sai da allura. Madarar kwali mai sanyi daga firij ita ta fi yin kumfa mai laushi, ta gari in an dama tana yi amma kumfar manya-manya ce tana saurin kwanciya, ta gwangwani kuma sai an sirka ta da ruwa.
Sannan kyankyasai. Allah ya sani suna son injin nan, ga ɗumi ga danshi ga ɓurɓushin kofi. Kullum da dare nake zare farantin ƙasan da ruwa ke taruwa in zubar in shanya, in goge ƙarƙashi, lokacin hunturu kuma in rufe shi da mayafi saboda ƙura.

Alhaji na Wuse:
Ni kam ra'ayina daban. Na yi irin naku na auna, niƙa, dannawa, na ga ba ni da lokacin, na bai wa yarona na koma mai kafsul, wato ɗan ƙoƙon da aka rufe garin kofi a ciki. Ka jefa, ka danna, ka sha, ka fita. Ɗanɗanon bai kai ba, na yarda, kuma kafsul ɗin yana da tsada, wani lokacin ka zagaya manyan kantuna babu irin na injinka sai ka jira matafiyi. Amma mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah ko zai iya hidimar nan kowace safiya kafin ya zuba kuɗinsa.

Mutumin Gembu:
Alhaji ya faɗi gaskiya, sai dai wanda ya saba da hidimar ba ya jin ta. Ni ina so in tuna muku muna da kofi a ƙasar nan, arabika ana noman sa a tsaunin Mambila a Taraba, ba dole sai na waje ba. Abin lura shi ne ranar suya, waken da aka soya sati ɗaya zuwa wata ɗaya shi ke ba da kumfar nan mai ruwan ƙasa a sama, wanda ya daɗe a kanta ko me ka yi ba za ta fito ba. Ka sa a kwalba mai murfi nesa da rana, ka niƙa iya wanda za ka sha. Da hunturu garin yakan manne a jikin injin niƙa yana tashi ko'ina, sai ka jiƙa bakin cokali da ruwa ka juya waken da shi kafin ka niƙa, shi kenan.

Ɗan Gwale:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Inbata ta kilo biyu da rabi ce, ina ga za ta ɗauka in an kashe firij. Zuciyata ta fi karkata ga Gaggia saboda na ji ana gyara shi, to malam Bakatsine in ya samu matsala a nan wa zai taɓa shi?

Bakatsine mai gyaran wuta:
Za ta ɗauka, kar dai a jona dutsen guga lokaci ɗaya. Shi wannan cikinsa a buɗe yake, makunnai ne da tamostat da famfo da tukunya, duk mai gyaran hita da ya san aikinsa zai gane, kuma bakinsa milimita 58 ne irin na injinan shago, kwandunan da ake zuba garin kofi a ciki ba sa wuyar samu. Sai dai ya fi Dedica faɗi kuma yana so ka ba shi kamar minti goma ya yi zafi sosai, ka auna kantar hajiya tukuna. Abin da ke fara gajiya shi ne robar da ke zagaye inda kake murɗa mariƙin kwandon, in ka ga ruwa na tsiyaya ta gefe ita ce. Ka sa wanda zai kawo maka injin ya haɗo da guda biyu ko uku da ruwan wankin, don a kasuwa a nan sai ka sha yawo ba ka samu daidai girman ba.